MAZUBIN ABIN SHA DA TSABTAR ƘASA: Bayani Ga Jama'a Game Da Sababbin Dabarun Kwalba, Gwangwani Da Leda

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wani babban lambatu a Legas, ko Kano, ko Anaca, bayan an ɗauke ruwan farko na damina, ya riga ya ga abin da wannan ɗan littafi zai yi bayani a kai. Ruwa yakan kwaso gorunan roba, da ledojin ruwan sha, da gwangwanayen lemo, ya jibge su a bakin kwalbati har su toshe shi, sa'an nan ya juya ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane. Kowane ɗaya daga cikin tarkacen nan an yi shi ne domin aiki na ɗan lokaci kaɗan. Ledar ruwa ba ta wuce minti biyu a hannun mai ƙishirwa, amma tana iya shafe shekaru masu ɗimbin yawa a cikin ƙasa ba ta ruɓe ba.

Saboda haka masana kimiyya da masu masana'antu a ƙasashe da dama suka duƙufa wajen neman mazubin abin sha wanda ba zai zama wa ƙasa kaya ba. Wasu daga cikin dabarun da suka fito da su sun yi amfani ƙwarai, wasu har yanzu gwaji ake yi, wasu kuwa sun fi kyau a bakin mai talla fiye da yadda suke a zahiri. Ya kamata ɗan ƙasa ya iya rarrabe su, domin da kuɗinsa ake sayen mazubin, kuma a ƙofar gidansa yake ƙarewa.

YADDA AKA FARO

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba. Mai fura da nono tana da ƙwaryarta da ludayinta, matafiyi yana da gorarsa ko salkarsa, uwargida kuwa tana da randa da tulu. In ƙwarya ta tsage a kai wa mai ɗinki, in ta fashe sakainarta ta yi wani aikin, ƙarshenta gara ta cinye ta koma ƙasa. Sai dai kuma gaskiya ɗaya ce: ƙwarya ba ta iya riƙe lemo mai gas, ba ta iya ajiye madara wata shida ba ta lalace ba, kuma ba ta hana ƙwayoyin cuta shiga. Mazubin zamani ya tsare rayuka masu yawa daga amai da gudawa da zazzaɓin taifot, kuma ba daidai ba ne a manta da wannan alheri in ana lissafin laifinsa.

Kwalbar gilashi ita ce ta fara yaɗuwa. A shekarar 1892 wani Ba'amurke mai suna William Painter ya ƙago marfin ƙarfen nan mai haƙora wanda har yau ake ɓallewa a bakin kwalbar lemo, a 1903 kuma Michael Owens ya fito da injin da ke busa kwalabe da kansa, aka huta da busawa da baki. Daga nan kwalba ta yi araha. A nan Nijeriya, kamfanin Nigerian Bottling Company da aka kafa a 1951 ya fara ɗura Coca-Cola a Legas a 1953, kuma shekaru da yawa bayan haka ba a san lemo ba sai a kwalba.

Gwangwanin alminiyum, watau sanholo, ya shigo kasuwar abin sha a Amurka a 1959. A fannin kwalin madara kuwa, a ƙasar Suwidin ne Ruben Rausing ya kafa kamfanin Tetra Pak a 1951. Ta ƙarshe kuma mafi yaɗuwa ita ce gorar roba mai haske da ake kira PET, wadda injiniya Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont ya yi wa rajista a 1973. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa, tana riƙe gas, ga araha. Waɗannan halaye nata masu kyau su ne suka jawo aka yi ta da yawan da ƙasa ba ta iya ɗauka. Ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arzikin masana'antu ta lissafa cewa a 2019 duniya ta yi amfani da roba tan miliyan 460, kuma kashi 9 cikin 100 ne kacal na sharar roba aka sake sarrafawa.

TSOHUWAR DABARA DA TA ZAMA SABUWA

Manya daga cikin masu karatu za su tuna lokacin da ba a sayar wa mutum lemo ya tafi da shi sai ya kawo kwalba, ko ya ajiye kuɗin kwalba. Yaro in ya tsinci kwalbar lemo a hanya ya san ya tsinci kuɗi. Mota takan zo ta sauke kiret cike ta ɗauki fanko, a kai masana'anta a wanke da ruwan zafi da sinadarin wanki, a duba, a sake cikawa. Ba a ganin irin wannan kwalba a lambatu, dalili kuwa a fili yake: tana da daraja.

Abin mamaki, wannan tsari da aka fara ɗauka a matsayin tsohon yayi shi ne ƙasashen da suka fi ci gaba suka koma suna ƙarfafawa. A Jamus kwalbar gilashi mai komowa takan yi zagaye har sau 50 kafin a narkar da ita, akwai kuma gorar roba mai kauri da ake sake cikawa har wajen sau 25. Lissafin mai sauƙi ne. Ana narkar da yashi da kanwar masana'anta da farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,500 kafin a sami gilashi, kuma wannan wuta tana cin mai ko gas mai yawa. In an sha kwalba sau ɗaya aka yar, duk wannan ɗawainiya ta tafi a kan shan mutum ɗaya. In ta yi zagaye 30, an raba ɗawainiyar gida 30. Shi ya sa kwalbar gilashi wadda ba a mayarwa tana daga cikin mazubai mafi cin makamashi, alhali kuwa 'yar'uwarta mai komowa tana daga cikin mafi sauƙi, muddin masana'antar ba ta yi nisa ainun da kasuwa ba, domin gilashi yana da nauyi, mota kuma mai take sha.

Wasu ƙasashe sun ɗauki hikimar kuɗin kwalba suka ɗora ta a kan gwangwani da gorar roba. Lardin British Columbia na Kanada ya yi doka a kan haka a 1970, jihar Oregon ta Amurka ta bi a 1971. A 1972 wasu 'yan'uwa biyu a Norwe, Petter da Tore Planke, suka ƙera injin da ake zura masa fankon kwalba ya gane ta, ya ba da takardar kuɗi. Kamfaninsu, Tomra, yana nan har yau. Jamus ta ɗora santi 25 na kuɗin Yuro a kan gwangwani da gorar roba tun 2003, kuma yanzu fiye da kashi 95 cikin 100 na irin waɗannan mazubai suna komowa. Ba wai Jamusawa sun fi kowa son tsabta ba ne. Ko mai kuɗi ya yar da gora, wani mabukaci zai ɗauka ya kai wa injin.

GWANGWANI DA KWALI

Gwangwanin sanholo yana da wata baiwa da roba ba ta da ita: ana iya narkar da shi sau ba iyaka ba tare da ƙarfensa ya rage kyau ba. Narkar da tsohon gwangwani yana cin wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar lantarkin da ake bukata wajen fitar da sabon ƙarfe daga dutsen ma'adininsa, kuma a inda tsari ya kafu, gwangwanin da aka sha yau yana iya komowa kanti cikin kwana 60. A ƙasar Burazil kusan dukan gwangwanayen abin sha ana tattara su a narkar, yawanci ta hannun talakawa masu tsince-tsince. A nan gida ma da wuya a ga gwangwani ya kwana a juji, domin 'yan gwangwan suna saye, maƙeran tukwane da ludayi kuma suna narkarwa.

Akwai wani ɗan gyara da aka yi wa gwangwani wanda ya isa a ambata. Da can, in an ja mabuɗinsa ɓallewa yake yi gaba ɗaya, sai a jefar da shi ƙasa, yana yanke ƙafafun yara, dabbobi kuma suna haɗiyewa. A 1975 Daniel Cudzik na kamfanin Reynolds ya yi rajistar mabuɗin da ke maƙale a jikin gwangwani bayan an buɗe, watau irin wanda kowa ya sani yanzu. Tarayyar Turai ta bi wannan sawu game da gorar roba: daga watan Yuli na 2024 tilas marfin gora ya zama a ɗaure da wuyanta, don kada ya ɓace shi kaɗai ya faɗa ruwa.

Kwalin madara da na ruwan 'ya'yan itace kuwa, idon mai saye takarda yake gani, amma ba takarda ce zalla ba. Wajen kashi 75 cikin 100 takarda ce, kashi 20 leda, kashi 5 kuma fallen sanholo mai sirantaka, an manne su hawa-hawa. Amfaninsa babba ne ga ƙasa mai zafi irin tamu, domin yana ajiye madara watanni ba tare da firji ba. Wahalarsa ita ce rabuwa: sai an jiƙa shi a wani babban injin markaɗe kafin takardar ta saki ledar, kuma irin wannan inji bai yawaita ba.

GYARAN GORAR ROBA

Tun da yake gorar roba ce ta fi yawa, a kanta aka fi yin aiki. Gyara na farko shi ne rage mata nauyi. A Amurka gorar ruwa mai cin rabin lita tana da nauyin wajen giram 19 a shekarar 2000, kafin 2014 kuwa ta dawo ƙasa da giram 10. Wannan ya rage robar da ake kashewa, sai dai yana da wani lahani da ba a cika faɗa ba. Mai tsintar gora a kan kilo ake biyansa, saboda haka duk sa'ad da gora ta ƙara rashin nauyi, sai ya ƙara sunkuyawa kafin ya cika kilo ɗaya.

Gyara na biyu ya fi muhimmanci, watau a mayar da tsohuwar gora ta zama sabuwar gora. Ana tattara gorunan, a ware su bisa launi, a cire takardar jiki, a niƙa su su zama ɓarɓashi, a wanke da ruwan zafi. A wajen wankin nan marfi yakan taso sama domin robarsa dabam ce, jikin gora kuma ya nutse, ta haka ake raba su. Sa'an nan a narkar, a tace, a gasa a cikin wani mazubi marar iska har duk wani datti ya fita, kafin hukumar abinci ta yarda a zuba abin sha a ciki. Da can yawancin tsofaffin goruna zare ake yi da su na tufafi da cikon matashi, wanda daga nan ba ya sake komowa. Tarayyar Turai ta yi doka a 2019 cewa daga 2025 gorunan PET su ƙunshi aƙalla kashi 25 cikin 100 na tsohuwar roba, daga 2030 kuma dukan gorunan roba na abin sha su ƙunshi kashi 30.

Launi ma yana da magana. Gora mai haske tana iya zama kowace irin gora, amma koriya ko ruwan ƙasa ba ta komawa fara, saboda haka kuɗinta bai kai na mai haske ba. Wannan ne dalilin da ya sa aka sauya wa lemon Sprite koriyar gorarsa zuwa mai haske a ƙasashe da dama, har da Amurka a 2022.

Akwai kuma wata hanya da ake sa rai a kanta. A 2016 masana a Japan suka ba da labarin wata ƙwayar halitta da suka samo a wajen tara gorunan roba a birnin Sakai, wadda take iya cin PET. A 2020 kamfanin Carbios na Faransa ya nuna wani sinadarin halitta da aka gyara, wanda ya narkar da kashi 90 cikin 100 na irin wannan roba cikin sa'a 10, ya mayar da ita asalin sinadaran da aka haɗa ta da su, yadda za a iya yin sabuwa fil daga gare su ko da tsohuwar mai launi ce. Aikin ya tabbata a ɗakin bincike da masana'antar gwaji, saura a ga ko kuɗinsa zai iya gogayya da sabuwar robar da ake yi da man fetur.

ROBAR TSIRO, DA KWALBAR TAKARDA, DA CIYAWAR TEKU

A nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe ido, domin a nan talla ta fi yawa. A 2009 kamfanin Coca-Cola ya fito da gorar da ya kira PlantBottle, wadda har kashi 30 cikin 100 na kayan haɗinta daga rake aka samo. Ta rage dogaro da man fetur, amma PET ce kamar kowace, kuma in an jefa ta lambatu za ta daɗe kamar 'yar'uwarta. Akwai wata robar dabam da ake kira PLA, wadda ake yi da masara ko rogo, ana buga mata tambarin cewa tana ruɓewa. Tana ruɓewa ɗin, amma sai a wurin yin taki na musamman inda zafi ke kai wajen digiri 58 tare da laima, na tsawon makonni. A juji ko a kogi ba ta da hanzarin ruɓewa, in kuma ta gauraya da PET a wajen narkarwa sai ta ɓata aikin. Ga kuma tambayar da ƙasa mai yawan baki ba za ta ƙi yi ba: gonar da za ta ciyar da mutane ce za a mayar ta noman gora?

Kwalbar takarda an gwada ta a Turai. A 2021 Coca-Cola ta sayar da guda 2,000 a ƙasar Hangari domin gwaji. Jikin kwalbar na takarda ne, amma akwai shimfiɗar roba a ciki da marfin roba a sama, domin takarda ita kaɗai ba ta riƙe ruwa.

Wadda ta fi ban sha'awa ita ce ta wani ƙaramin kamfani a Landan mai suna Notpla. Suna yin wata 'yar jaka mai taushi da ciyawar teku, su ƙunshe kurɓi ɗaya na abin sha a ciki. Mai sha yana iya haɗiye jakar tare da ruwan, in ya tofar kuma ta ruɓe cikin 'yan makonni kamar ɓawon 'ya'yan itace. An raba wa masu gudun yada ƙanin wani na Landan irinta a 2019, kamfanin kuma ya ci kyautar Earthshot a 2022. Duk da haka ba ta jure dogon ajiya ko jigila a bayan mota cikin rana, saboda haka ta fi dacewa da taro na yini ɗaya.

Indiya kuwa baya ta waiwaya. A 2004 Ministan Jiragen Ƙasa, Lalu Prasad Yadav, ya umarta a riƙa sayar da shayi a tashoshi cikin ƙananan kofunan yumɓu, don a rage roba kuma a samar wa magina tukwane aiki. Umarnin bai kafu sosai ba saboda tsada da fashewa, amma har yau ana shan shayi a irin waɗannan kofuna a sassa da dama na ƙasar.

HALIN DA AKE CIKI A NIJERIYA

Babbar matsalarmu ita ce ledar ruwan sha, wadda jama'a ke kira fiya wata. Ta yaɗu a shekarun 1990, sa'ad da ruwan famfo ya kasa wadatar birane, kuma hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke yi wa masu yin ta rajista. Ba za a ce a hana ta dare ɗaya ba, domin ita ce ruwan talaka a kasuwa da tasha da asibiti, kuma dubban iyalai da ita suke ci. Hasali ma robar da ke cikin leda ɗaya ba ta kai ta gora mai cin ruwa daidai da ita ba. Laifinta shi ne rashin nauyi da rashin daraja: sai an tara ɗaruruwa kafin su yi kilo, saboda haka ba kowa ke tsinta ba. Iska ta kwashe ta ta kai gona, ta hana shuka kafa saiwa. Ta tare ruwa sauro ya hayayyafa. Shanu da awaki su haɗiye, ta dunƙule a tumbinsu, dabba ta yi ta ramewa ba a san dalili ba, sai a mayanka mahauta su ciro curin leda. Ana iya narkar da ita a yi bokiti, da silifa, da bulon daɓe, akwai kuma masu yin hakan a garuruwa da dama, amma abin da ake tattarawa bai kai ko kusa da abin da ake zubarwa ba. Inda hali ya yi, babbar gorar nan mai cin kusan lita 19, wadda ake mayarwa a sake cikawa, tana maye gurbin leda kusan 38 a kowane zagaye.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Tun bayan da aka gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a wannan shekara, ta kafa Ma'aikatar Muhalli a 1999, da hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli a 2007. A 2020 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa Kan Sarrafa Sharar Roba, a 2024 kuma ta hana amfani da robar sha-ka-yar a ma'aikatu da ofisoshin Gwamnatin Tarayya. Jihar Legas ta hana mazubin abinci na kumfa a watan Janairu na 2024, daga Yuli na 2025 kuma ta fara tilasta hana tsinken zuƙar lemo, da kofunan roba, da siraran ledoji, ko da yake ba ta sa gorar PET da ledar ruwa a ciki ba. Tushen manufar duka shi ne cewa alhakin mazubi yana wuyan wanda ya yi shi har bayan an sha abin da ke ciki. A kan wannan ne manyan kamfanonin abin sha suka haɗu a ƙarƙashin ƙungiyar Food and Beverage Recycling Alliance, wadda ke ɗaukar nauyin wuraren tattara goruna. Doka dai tana kan takarda, aiwatar da ita kuwa yana bukatar motoci, da ma'auni, da wuraren saye a kowace unguwa, kuma a nan ne har yanzu aiki ya rage.

Talakawa ma sun nuna tasu hikimar. A Legas, Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa Wecyclers a 2012, masu bin unguwanni da kekuna suna karɓar goruna da leda da gwangwani, suna ba gidaje lada bisa nauyin abin da suka tara. A ƙauyen Sabon Yelwa na jihar Kaduna an gina gida a 2011 da dubban gorunan roba da aka ɗura wa yashi aka jera da laka kamar tubali. Masaga na Bida kuwa sun daɗe suna narkar da fasassun kwalabe suna yin duwatsun wuya da awarwaro, tun kafin a fara kiran irin wannan aiki da wani suna na zamani. Amma ginshiƙin aikin duka su ne 'yan bola jari, waɗanda ake raina su ana kora, alhali kusan duk gorar da ta isa injin niƙa ta hannunsu ta bi.

ABIN DA YA RAGE GA MAI SHA

Inda akwai zaɓi tsakanin lemon kwalba mai komowa da na gora, na kwalba ya fi sauƙi ga ƙasa, sau da yawa kuma ga aljihu. Wanda ya sha na gora, ya zubar da ragowar, ya taka ta ta lotse, ya mayar da marfin, ya ajiye ta a buhu dabam, domin gorar da ta gauraya da miya da toka kuɗinta ya faɗi, wani lokaci ma ba ta sayuwa. Masu shaguna, da masu gidajen abinci, da shugabannin tasha, da kwamitocin masallatai da coci-coci, da masu shirya biki, su ne suka fi kowa damar tara leda da gora da yawa a wuri ɗaya, yadda mai saye zai ga ya cancanci ya kawo mota. Kada a ƙona roba a tsakar gida ko a hura murhu da leda, domin hayaƙinta yana cutar da ƙirji, musamman na yara da tsofaffi da masu ciwon asma.

Akwai kuma gargaɗi na musamman ga masu sana'ar kunun zaki da zoɓo da fura, da masu saye a wurinsu. Sake amfani da gora abu ne mai kyau in an san inda ta fito. Gorar da aka tsinto a juji, ko a lambatu, ko a harabar asibiti, ɗauraya da ruwan sanyi ba ya raba ta da ƙwayoyin cuta, ruwan zafi ƙwarai kuma yana lanƙwasa ta. Mai sana'a ta nemi sababbin goruna daga masu sayar da su, ko ta karɓa daga gidajen da ta sani, ta wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ta kife su bushe. Gorar da aka taɓa zuba wa fetur, ko kananzir, ko maganin ƙwari, ko maganin feshin gona, ba ta komawa mazubin abin sha ko an wanke ta sau nawa. Irin wannan sai a huda ta a gindi kafin a rabu da ita, don kada wani ya tsinta ya zuba wa yara kunu a ciki.